Tsohon ƙarfe a rairayin Damargu: wane keke za a saya wa ɗan kwaleji?

Duk shekara idan aka fitar da sunayen yaran da za su wuce kwaleji, iyaye a ƙauyukanmu na Damargu sukan shiga lissafi iri ɗaya. Yaro ya gama aji shida a lekol ɗin garinsu, kwalejin da aka tura shi kuwa tana wani gari, tafiyar kilomita bakwai ko goma. Ko dai a nema masa mai masauki a can a riƙa aika gero da ɗan kuɗin cefane, ko ya riƙa sammako a ƙafa, ko a kai awaki kasuwa a saya masa keke. Wanda bai samu ko ɗaya daga cikin ukun ba, kafin hutun farko za ka ji an ce ya koma kiwo. Da yake na daɗe ina koyarwa tsakanin Tanut da gundumar Tenhiya, kuma kowa ya san ni da keke, tambayar takan biyo ta kaina: "Malam, wane iri za mu saya?" Amsar da nake bayarwa a tsaye a bakin kasuwa gajera ce, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta doguwar.

Kekuna uku na hau da gaske a rayuwata, dukansu tsohon ƙarfe. Na farko Raleigh ne baƙi, wanda mahaifina, Allah ya jiƙan sa, ya sayo a Kano tun ina ƙarami. Kamfanin na Nottingham ne a Ingila, amma ya yi masana'anta a Kano, shi ya sa Rale ta cika ƙasar Hausa har ta zama abin da ake auna arzikin magidanci da shi. Na biyu Phoenix ne mai sanda biyu, ƙirar Shanghai, wanda na saya da albashina na farko. Na uku Peugeot ne na tsere, mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, da na tsinta cikin kayan gwanjo a kasuwar Dole ta Damagaram. Rale da Phoenix 'yan gida ɗaya ne a ƙira, domin Sinawa da Indiyawa ƙirar Ingila ta da suka ɗauka: Flying Pigeon tun 1950 a Tianjin, Hero tun 1956 a Ludhiana. Saboda haka kwatancen na gaskiya tsakanin gida biyu yake, gidan baƙin keke mai ɗaukar kaya da gidan keken tsere.

A kan kwalta babu gardama. Hanyar Agadas, wadda ta taso daga Damagaram ta iso Tanut bayan kilomita 140 da 'yan kai, idan ka samu wurin da ba ta farfashe ba, keken tsere sarki ne. Nauyin irinsa bai cika wuce kilo 11 ko 12 ba, alhali baƙin keke da kariyarsa da madigadinsa ya kai kilo 20 ko ya fi. Kana taka feda yana amsawa nan take, kamar dokin da ya ƙosa a sake masa linzami. Ba ka juya kansa da hannu, kafaɗa kawai za ka ɗan karkata ya bi. Faransawa sun san abin da suke yi: Peugeot tana ƙera keke tun 1882, kuma a kan kekenta Bernard Thévenet ya ci tseren zagayen Faransa a 1975 da 1977. Na sha fita da asuba a lokacin sanyi in yi kilomita 20 a kan hanyar nan ba don wata buƙata ba, sai don daɗin yadda ƙarfen yake ɗan lanƙwasawa ƙarƙashina yana dawowa.

Sai dai ɗan kwalejinmu ba kan kwalta zai hau ba. Hanyarsa turba ce da amalanke da kofaton dabbobi suka fitar: nan faƙo mai tauri, can gargada, gaba kaɗan rairayi mai zurfin taƙi guda, sannan a sake fita faƙo. A nan ne ƙira take nuna kanta, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni.

Ka jingine kekunan biyu a jikin bango ka dube su daga gefe. Ƙarfen da ya riƙe tayar gaba a keken tsere kusan a tsaye yake, kwanarsa wajen digiri 73. A baƙin keke ya kwanta baya sosai, kuma ƙarshensa ya lanƙwaso gaba kamar lauje. Tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu ma ba ɗaya ba ce: ta keken tsere wajen mita guda, ta baƙin keke ta fi haka da kusan taƙi. Abin da wannan yake haifarwa shi ne, baƙin keke yana son tafiya miƙe. Ba ya saurin juyawa, a lungu mai ƙunci ma har kansa yakan yi nauyi ya nemi faɗawa gefe, amma idan ya kama hanya ya kama. Keken tsere kuwa duk abin da tayar gaba ta taɓa sai ya gaya maka, kuma sai ya nemi ka yanke shawara a kai. A kan kwalta wannan daɗi ne. A kan turba, bayan rabin awa wuyan hannunka da wuyanka sun gaji da shawara.

Zaman mahayi ya fi wannan ma muhimmanci. A baƙin keke kana zaune a miƙe kamar a kan kujera, yawancin nauyinka yana kan tayar baya, ta gaba ba ta ɗauke da komai. Idan ka shiga rairayi sai ta bi ta sama, kai dai ka sassauta hannu, kada ka yi faɗa da ita, ka ci gaba da taka feda. A keken tsere ka sunkuya gaba, ka ɗora wani kaso na nauyinka a kan siririyar taya mai faɗin milimita 23 ko 25, sai ta yanki rairayin kamar wuƙa ta nutse. Keken ya tsaya cak, kai kuma jikinka bai tsaya ba. Tayar baƙin keke, wadda ake rubuta wa 28 da 1½, faɗinta ya kusa milimita 40, kuma da'irarta babba ce, tana haye ƙananan ramuka maimakon ta faɗa cikinsu. Ga sirdi mai sifirin, ga wancan lanƙwasasshen ƙarfen gaba yana shanye girgiza. Rale ɗin mahaifina a kan gargada kamar raƙumi yake: yana rangaji, ba ya sauri, ba ya kuma wahalar da kai. Phoenix ya ɗan fi shi tauri saboda sandar nan ta biyu, amma da buhun gero a baya shi ya fi zama daram, Rale kan ɗan yi wutsiya idan kaya ya yi nauyi.

Akwai wata magana da nake yawan ji wurin masu sayar da keke, cewa wannan ƙarfen Turai ne mai laushi, wancan na Sin ne mai tauri. A ilimin ƙarfe ba haka abin yake ba. Ƙarfe mai tsada da mai araha kusan ƙarfi ɗaya ake buƙata kafin su ɗan lanƙwasa, idan kaurinsu ɗaya ne. Bambancin shi ne mai tsadan ya fi jurewa kafin ya karye ko ya lanƙwashe har abada, saboda haka ana iya ƙera bututunsa siriri. Shahararren bututun nan na Reynolds 531, da aka fara yi a Birmingham a 1935, a tsakiyarsa kaurin bangon bai kai milimita guda ba. Sirantar ce take kawo rashin nauyi da wannan ɗan tsalle mai daɗi. Ita ce kuma take sa idan ya tsage, mai walda na bakin tasha ya ɗora masa wutar lantarki sai ya huda shi, domin da tagulla ake haɗa irinsa. Baƙin keke kuwa bututunsa mai kauri ne, kowane mai walda zai iya da shi, idan ya lanƙwashe ma mutum biyu da gungumen itace sun isa su miƙar da shi. Ga mutumin da ke zaune nesa da birni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai gyaran keken da nake zuwa wurinsa a Tanut, dattijo ne da ya fi ni sanin duk wannan ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba, ya taɓa ce mini: "Mushe, kafin ka tambayi keke gudunsa, tambaye shi danginsa. In ba shi da dangi a kasuwa, ranar da ya kwanta ya kwanta ke nan." Gaskiya ya faɗa. Taya da tib da sarƙa da boris na baƙin keke mai 28 za ka same su a Tanut, za ka same su a Belbeji, har a ƙananan kasuwannin mako ba a rasa su. Tsofaffin kekunan Faransa kuwa zaren noti nasu daban yake da na Ingila wanda duniya ta bi, bakin bawul ɗinsu siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da dabara, tayarsu kuma sai an aika Damagaram ko Kano. Ita ma tsohuwar Rale ta Ingila tana da nata zaren a wasu wurare, amma ta daɗe a ƙasar nan har masu gyara sun san yadda za su bi da ita.

To ashe baƙin keke za a saya? Ga babba, malami ko magidanci mai kai kaya kasuwa, ba ni da wata shawara da ta wuce shi. Ga yaro ɗan shekara 12 ko 13 akwai matsala biyu, kuma iyaye ba su cika kula da su ba.

Ta farko girma. An ƙera waɗannan kekuna ne don manyan maza. Duk mun ga yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda yana tuƙi a karkace, mu ma haka muka koya. Wannan wasa ne na ƙofar gida. Kilomita takwas da safe, takwas da yamma, da jakar littattafai, a haka ba zai yiwu ba. Kuma duk wancan zaman daram da na yaba yana samuwa ne idan mahayi yana kan sirdi nauyinsa na baya. Yaron da ƙafarsa ba ta kai feda zai riƙa zamewa gaba yana hawa sanda, sai keken ya koma abin da ba a iya sarrafawa. Gwajin mai sauƙi ne: yaro ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Idan sanda ta tokare shi, keken ya fi ƙarfinsa, ko da mai sayarwa ya rantse cewa zai girma ya same shi. Kafin ya girma ya bar makaranta.

Ta biyu giya. Baƙin keke giya ɗaya gare shi, kuma mai nauyi ce, an yi ta don titin birni. Yawanci faifan gaba haƙora 44 ne ko fiye, na baya 18. Da haka, duk zagaye ɗaya na feda keken yana tafiya kusan mita biyar da rabi. A rairayi, ko idan iskar hunturu tana busowa daga gabas tana dukan ƙirji, ƙafar yaro ba za ta iya ba, sai ya sauka ya tura. Maganin yana da araha ƙwarai: a canza faifan baya a sa mai haƙora 22, a ƙara wa sarƙa 'yan gaɓoɓi. Zagaye ɗaya ya koma wajen mita huɗu da rabi. Gudu ya ragu a kan faƙo, amma wuraren da yake sauka sun ragu su ma, kuma saukar ce take cinye lokaci. Na sa an yi wa ɗalibai da dama wannan canji, ban ga wanda ya nemi a mayar masa da tsohon ba.

Akwai kuma gida na uku da ya shigo daga baya, wanda ni a yanzu shi nake fara nuna wa iyaye idan an dace da shi: tsofaffin kekunan hawan dutse na ƙarfe, na shekarun 1990, da ke zuwa cikin gwanjon Turai. Ina nufin waɗanda ba su da sifirin ko ɗaya a jikinsu. Tayarsu 26 ce, mai faɗin kusan milimita 50, sandarsu ƙasa-ƙasa, suna zuwa a girma daban-daban, kuma suna da ƙananan giyoyi da yaro zai ratsa rairayi yana zaune. A sarrafawa suna tsakiya: sun fi baƙin keke saurin amsawa, ba su kai keken tsere rawar kai ba. Rauninsu shi ne abin canza giyar da ke rataye a baya kusa da ƙasa, ƙura da faɗuwa ba sa barin sa. Idan ya lalace ba a rasa komai ba, a cire shi, a gajarta sarƙa a bar ta a kan giya ɗaya mai sauƙi. Amma a bambanta su da sababbin nan masu ƙyalli da ke zuwa a kwali, masu sifirin gaba da baya da sunaye barkatai. Yara su suke so, na sani. Na ga da yawa a harabar makaranta a watan Oktoba, kafin azumi ko hutun Maris sun koma jingine a bayan rumbu. Sifirin ɗin nauyi kawai yake ƙarawa, yana kuma shanye ƙarfin ƙafa.

Idan za a sayi tsohon keke, a shafa ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keken. In an ji ƙulli ko an ga fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa karo, a bar shi. A ɗaga tayar gaba a juya kan a ji ko yana sarƙewa. Wanda ya iya ya hau ya ɗan saki hannu a wuri mai tauri, in keken yana jan gefe ɗaya to a karkace yake. Tsatsa ba ta cika damun mu ba a nan, ƙasarmu busasshiya ce. Abokin gabarmu yashi ne. Shi ya sa nake hana ɗalibai zuba wa sarƙa baƙin mai har yana ɗiga: mai da yashi idan suka haɗu sun zama dutsen niƙa. Ɗigo kaɗan, a goge da tsumma. Tsofaffin Rale masu rufaffiyar sarƙa sun fi kowa daɗewa saboda wannan, kuma abin takaici ne yadda ake cire murfin a yar don wai yana ƙara.

Ƙaya kuwa babu keken da ya fi ƙarfinta. Ƙarangiya ta fi damun ƙafa da wando, amma tsaida da ƙayar aduwa da ta kandili su ne masu kashe taya. Dabarar da kowa ya sani tana aiki: a yanke bakin tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa. Keken zai ƙara nauyi, tafiyarsa ta ɗan mutu, amma yaro zai isa aji. Iska kuma kada a cika ta tam. Taya mai ɗan sassauci ta fi shimfiɗuwa a kan rairayi, kuma a zafin Afrilu da Mayu iskar ciki tana kumbura ta ɗaga tsohon faci. Sai dai in ta yi laushi da yawa, bakin ƙarfen zai ciji tib a kan dutse. Babban yatsa ya ɗan shiga kaɗan, shi ne ma'aunin.

Dole in faɗi inda maganar keke take ƙarewa. Tenhiya ƙasar makiyaya ce, mafi yawanta tana arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Idan ka nausa can, inda tudun rairayi yake bin tudun rairayi, ko wane irin keke ka kawo kai za ka ɗauke shi. Jaki da raƙumi su ne masu wurin, kuma ɗan makiyayin da iyayensa ke bin ruwa da ciyawa, abin da zai riƙe shi a makaranta wurin kwana ne da abinci. Kada wani mai niyyar alheri ya tara kekuna ya kai can don ya ji an ce keke yana taimakon karatu. Yana taimako, amma a inda ƙasa ta yarda. A jihar Bihar ta Indiya, daga 2006 gwamnati ta riƙa bai wa 'yan mata masu shiga sakandare kuɗin sayen keke, kuma binciken Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya nuna shigarsu makaranta a kan kari ta ƙaru da kashi 32 cikin 100. Amfanin ya fi fitowa a ƙauyukan da makaranta ta yi musu matsakaicin nisa. Na kusa ba sa buƙata, na nesa ƙwarai keke bai isar musu ba. Haka na gani a nan: daga kilomita huɗu zuwa goma sha biyu, a turbar da faƙo ya fi rairayi yawa. Kafin uba ya sayar da akuyarsa, ya ari keke ya bi turbar da kansa sau ɗaya, ya ƙirga sau nawa ya sauka.

Tunda na ambaci 'yan mata: su ne suka fi barin karatu idan kwaleji ta yi nisa, domin iyaye da yawa ba sa sakin jiki su ajiye 'ya mace a gidan wani, ba sa kuma son ta yi doguwar tafiya a ƙafa ita kaɗai. Amma idan an tashi sayen keke, ɗa namiji ake saya wa. Keke marar sanda, wanda ake kira na mata, yana nan a cikin Phoenix da Hero da gwanjon Turai, ana hawansa da zane da hijabi ba tare da wata matsala ba in an sa raga ko murfi a tayar baya don kada tufa ta shiga. A kan gargada ya ɗan fi mai sanda rawa, amma a rairayi ya fi shi aminci, domin idan taya ta nutse ƙafa biyu kawai za a sauke. Ni ko ga yaro namiji ƙarami shi nake zaɓa, in dai zai jure tsiyar abokansa. Kuma idan 'yan mata uku ko huɗu na ƙauye ɗaya suka samu, suna fita tare suna dawowa tare, na ga yadda hankalin iyaye yake kwanciya.

Saura abu ɗaya da ba ya cikin ƙirar keke. A gidaje da yawa keken ɗan makaranta yakan zama na gida: ranar kasuwa baba ya ɗauka, gobe yaya ya kai niƙa, jibi a dawo da shi ba iska. Mu malamai muna gani a rajista, ranar kasuwar yankin ita ce ranar da masu keke ba sa zuwa. A makarantar da nake yanzu mun yi magana da kwamitin iyaye, aka amince daga Litinin zuwa Juma'a keken na yaro ne, Asabar da Lahadi na gida. Mun kuma haɗa kuɗi mun sayi famfo ɗaya, da sifana biyu, da gam da faci, suna ajiye a ofishin darakta. Ɗalibai biyu na aji na uku ne ke riƙe da makullin akwatin, su suke koya wa sababbi yadda ake cire taya a lokacin hutun ƙarfe goma.